Gyaran Attahiru Mai Faifai

Attahiru bai gaji faifai ba, awo ya gada. Ubansa, Malam Umaru Ma'auni, ya tsufa yana auna hatsi a kasuwar Bungudu, kuma har yau in ka ambaci sunansa a ƙauyensu Nahuce tsofaffin mata sai sun yi masa addu'a. Tiyarsa ba ta barin hannunsa sai da tsororo. In ya gama awo kuma sai ya ƙara damƙa guda ya watsa a buhun mai saye, ya ce ga gyara. Da wannan tarbiyya Attahiru ya tashi. Ya shigo Gusau da riga biyu da hannun ubansa, kuma hannun nan ne ya kusa mai da shi ƙauye.

Ni maƙwabcinsa ne a kasuwa. Shagona na ɗinki yana jikin nasa, katako ne kawai a tsakaninmu, katakon ma duk huji. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsince shi ba.

Da tallar kaset ya fara, a baro. Da faifan bidiyo ya shigo gari, sai ya lura masu ɗaukar biki da suna da walima suna shan wahala. Mutum ya gama ɗaukar biki a Tsafe, amarya tana son faifai hamsin ta raba wa dangi, shi kuma sai ya zauna gaban kwamfuta yana bugawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai suyar ƙosai a cokali, ko kuma ya aika Kano. A Kanon ne Attahiru ya ga injin da ya hana shi sukuni. Tsayinsa kamar ƙaramin firji, da bakuna jere daga sama har ƙasa. Ka sa uwar faifai a bakin sama, ka cika sauran da sababbi, kafin ka gama shan rake ya tofo maka goma.

Kuɗin inji dai babu. Amma akwai Luba.

Luba matarsa ce, 'yar Bungudu, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wadda duk Damba, unguwar da suke zaune a Gusau, an san ba a cin ta da kwabo. Tana da wani sa da ta daɗe tana kiwo a bayan ɗaki, tana ba shi dusa da kanwa, tana yi masa magana da taushin da Attahiru bai taɓa samu ba. Shi ta sayar aka sayo inji. Ranar da aka sauke shi a shago ta zo da kanta, ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa, sannan ta juyo.

"Malam, ka ji ni da kyau. San nan don kai na sai da shi. In Babbar Salla ta zagayo ban ga igiya hannuna da mai ƙaho jikinta ba, wanga inji kasuwa za shi, kai kau ka koma Nahuce ka kama ma yayanka awo."

"Haba Luba, sa ɗaya? Garke za ki gani."

"Ni ɗaya nac ce."

Aiki ya kankama. Attahiru ya yanke farashi a tsaye, ko zama bai yi ba. Sabon faifai yana sayensa naira ashirin da biyar in katan ya ɗauko. Wanda ke son ɗaya ko biyu, hamsin. Wanda ke son ɗari, talatin da biyar. A wurinsa magana ta ƙare: duk faifai ribar goma, goma sau ɗari dubu, dubu sau kwanakin shekara, sai ya ga kansa yana kora shanu a titin Damba. Kwalin da ake sa faifai bai shiga lissafinsa ba. Takardar da ake liƙa hoton amarya ba ta shiga ba. Fetur kuwa, ya ɗauke shi kamar iskar da muke shaƙa. Sannan duk wanda ya karɓi kayansa, da mai biyar da mai ɗari, sai hannun Attahiru ya koma katan ya ƙaro masa ɗaya.

"Ga gyara."

Mutumin da ya fara gane daɗin wannan hali shi ne Mannir, mai ɗaukar bidiyo daga Tsafe. Ɗan kawun Attahiru ne, wato taubashinsa, don haka duk abin da ya yi masa sunansa wasa. Dogo ne siriri, kullum da kyamara a kafaɗa ko masallaci za shi. Mannir ya lura gyaran Attahiru ba ya duba yawan kaya, miƙawa yake dubawa. Sai ya sake salo. Ya zo ya yi cinikin ɗari a farashin ɗari, sannan ya ce:

"Bawana, ba ni goma yanzu. Amarya ta matsa."

A ba shi goma da gyara. Ya tsallaka wurin mai shayi, ya sha rabin kofi, ya dawo.

"Wasu goma. Dangin ango sun taso."

Goma da gyara. Haka zai yi ta safa tsakanin mai shayi da shago har ɗarin ta cika, ya tafi da ɗari da goma, ya sayar wa ƙawayen amarya rarar a ɗari bibbiyu. Rannan na kasa haƙuri, na sa baki ta hujin katako.

"Attahiru, mutumin nan fa yana yi maka wayo."

"Tela, na gani. To in yi yaya? In miƙa ma mutum kaya haka nan tsirara? Babana bai taɓa yi ba."

"Babanka bai sayi fetur ba."

Mannir yana bakin ƙofa yana irga rabonsa. "Tela, kai da ka cinye ƙyallen mutanen garin ga kaf, kai ka yi ma wani wa'azi? Ɗinka wandonka."

Na ɗinka wandona.

Shago kullum cike, inji ba ya hutawa, janareto yana ta aman hayaƙi har zaren shagona ya koma warin fetur. Mutane suna cewa Attahiru ya kama ƙasa. Shi ma ya yarda, har ya sayi hula mai tsada. Abu ɗaya ne kawai ya ƙi fitowa, wato kuɗi. Duk abin da ya shigo da safe, kafin la'asar ya koma katan da jarka.

Bayan ƙaramar Salla Luba ta biyo ta kasuwa da kwalaben manta. Ta zauna a benci, ta ce a gaya mata abin da aka tara. Attahiru ya fara bayanin yadda harka take buɗewa a hankali. Ta bar shi ya gama.

"Wanga janareto, ruwan rijiya shika sha?"

"A'a."

"Kwalin fa, daga sama shika faɗowa?"

"Luba, ƙananan abubuwa ne."

"Wanda inji yal lalata fa, wa ka biya?"

Attahiru ya sosa ƙeya.

"Ni in zan sai da kwalbar mai, itacen da na ƙona shina ciki, niƙa tana ciki, har kwalbar. Kai ka tara maza kuna ta bugun faifai, riba tana tafiya Tsafe a kan mashin. Daga yau babu gyara. Ko ɗaya. Tela, kai ne shaida, in ka ga hannun nan ya nufi katan ka buga mai almakashi."

Na ce na ji, don ni ma ina tsoronta.

Ban taɓa ganin mutum ya wahala da hannunsa kamar Attahiru a makonnin nan ba. Zai miƙa kaya, hannun dama ya zabura da kansa, sai ya cafke shi da na hagu. Wani lokaci zama yake yi a kansa. Masu saye su tsaya suna jira, shi yana kallon rufi. Ya gwada maye gurbi da goro, Luba ta ji labari ta ce goro ma kuɗi ne. Mannir kuwa ya bi kasuwa yana shela wai ɗan Ma'auni ya zama Bature, har gaisuwa sai an biya. Attahiru ya rame. Amma a karon farko kuɗi suka fara kwana a shago, ko da yake ba su kai kuɗin tunkiya ba, ga Salla tana matsowa.

Ana haka sai Mannir ya zo da babban aiki. Alhaji Tambaya, dillalin shanu a Tsafe, ya aurar da babban ɗansa, kuma yana son faifai dubu ya raba, daga Tsafe har Legas inda yake kai shanu. Sai dai ya ce shi ba ya ciniki da ɗan aike, a kawo masa mai injin.

Luba ta yi wa Attahiru karatu kafin ya tafi. Faifai, kwali, takarda, fetur, da wanda zai lalace, ta ce duk sun tashi talatin da biyar. Ƙasa da arba'in da biyar in ya sallama, kar ya biyo ta Damba, ya zarce Nahuce. Ni ma na bi su, don ni na ɗinka kayan ango, ina so in ga yadda suka zauna masa.

Alhaji Tambaya mutum ne mai jiki da rawani da carbi mai manyan 'ya'ya. A unguwarsu shi ne shugaban dattawan da suka tsaya kai da fata sai da aka tashi filin dambe daga bayan gari, wai yana lalata matasa. Ya karɓi faifan gwaji ya juya shi, ya ɗaga shi a rana, ya ƙwanƙwasa da farce, ya leƙa ta hujin, saura kaɗan ya nemi haƙoransa.

"Wanga abu ba shi da nauyi. Ashirin."

"Albarka, Alhaji."

"Dubu fa nika so, yaro. Wanda as sayi garke ba shi biyan kuɗin sa guda guda."

"Gaskiya ne, Alhaji. Shi ya sa ban ce hamsin ba."

"Talatin."

Na ga bakin Attahiru ya fara motsi, irin motsin mai shirin cewa na sallama. Na taka masa ƙafa, na raɗa masa, "Nahuce." Ya miƙe zaune.

"Alhaji, janareto ba ruwan rijiya shika sha ba."

Alhaji ya dube shi, ya yi dariya har rawani ya karkace. Aka yi ta ja, ya tashi ya shiga gida ya fito, ya kira Mannir gefe, ya rantse bai taɓa ganin Banahuce mai taurin kai haka ba. Daga ƙarshe ya miƙo hannu a arba'in da biyar, ya ba da rabin kuɗi. A mota Attahiru sai shafa hularsa yake yi. Ribar wannan aiki in an haɗa da ɗan abin da ya taru, za ta kamo ɗan maraƙi, kuma maraƙi ma ai mai ƙaho ne in an yi masa haƙuri.

Da ya zauna haɗa uwar faifai a kwamfuta sai ya ga bikin bai cika faifan ba. Akwai sauran wuri a ƙarshe, kamar na sulusin awa. Ya kira ni.

"Tela, dibi nan. Rami."

"To sai me?"

"Mutum ya sayi dubu, in ba shi tiya da rami? Luba ta hana faifai, ta hana goro. Wanga kau ko kwabo ba shi ci."

A kwamfutar akwai tarkacen ayyukan da Mannir ke bari. Ciki har da wani dambe da ya ɗauka a Magami bayan girbin bara, inda wani bahago ya yi kisa uku a jere. Attahiru masoyin dambe ne. Ya kalli naushin farko, ya yi kabbara, ya ce wa zai ƙi wannan, ya liƙa shi a bayan addu'ar rufe biki. Ni ma na leƙa, kuma ni ma bahagon na kalla. Ba wanda ya kalli 'yan kallo. Inji ya yi ta tofi, Mannir ya ɗaure katan-katan a mota ya kai Tsafe ba tare da ya buɗe ko ɗaya ba.

Allah ya taimaka Alhaji bai fara rabo ba. Cewa ya yi sai an kalla tukuna. Ya tara surukai da limamin unguwa da dattawan kwamitinsa a falo, aka kawo fura, aka kunna. An ga ɗaurin aure, an ga walima, an ga liman yana addu'a, kowa ya shafa. Har an fara neman takalma sai kalangu ya ɓarke. Ga fili, ga ƙura, ga bahago. Da ya yi kisa na biyu sai kyamara ta juya wajen 'yan kallo, ta tsaya a kan wani mai jiki da ya cire rawani ya ɗaure shi a ƙugu, yana tsalle da ƙafa ɗaya, yana ihu "Kashe shi! Kashe shege!", yana manna wa makaɗi kuɗi a goshi. Mannir gwani ne, ya jawo fuskar kusa har ana ganin haƙorin Makka.

Wanda ya ba mu labari ya ce kowa ya juya ya dubi Alhaji. Can sai liman ya gyara murya ya ce, "Alhaji, ashe kana da ƙane a Magami?"

Washegari da hantsi mota ta tsaya ƙofar shagon. Alhaji ya fito ba carbi. Yaran mota suka jibge katan-katan a ƙasa.

"Wa ya aike ka?"

"Alhaji, gyara ce."

"Gyara! Na roƙe ka gyara? Ni da nike sai da sa, ka taɓa ganin na ɗora ma mutum akuya bisa?"

Ya ce a sake buga masa dubu, biki zalla, a farashin da aka yi, ba ƙarin ko sisi. Waɗannan kuma a lalata su. Ya shiga mota ya ce zai dawo bayan azahar ya gani da idonsa.

Attahiru ya zauna a kan katan ya rafka tagumi. Kuɗin faifai dubu da fetur ɗinsu sun tafi, wato riba ta tafi har ta ja uwar kuɗi. Mannir ya matso, ya rage murya.

"Bawana, kai wawa ne? Labari ya cika Tsafe. Ka ba ni ɗari biyar daga ciki, ranar kasuwa in sai da su ɗari bibbiyu kafin azahar. Matasan da ya tashi filinsu har layi za su yi. Sa biyu za ka saya, Luba ta riƙa kiranka Alhaji."

Na ga Attahiru ya dubi katan, ya dubi inji. Sannan ya ce, "Mutum ya ba ni bikin ɗansa, na ba shi kunya gaban surukai. In ƙara sai da kunyar? Tela, ara mani ƙusa."

Haka muka zauna mu uku, har da Mannir yana ƙunƙuni, muna zare faifai daga kwali muna karce shi da ƙusa. Alhaji ya dawo ya tarar da mu a ciki, ya ɗauki guda ya gwada a na'ura, ya ga ba ya yi, ya ce Allah ya kyauta, ya tafi. Attahiru ya kwashe ɗan abin da ya tara ya sayo sababbi, ya buga biki zalla. Da Alhaji ya cika kuɗi, abin da ya rage a hannunsa bai fi kuɗin zakara biyu ba. Ya loda matattun faifan a buhu ya kai gida, don a can ne za a yi shari'a.

Luba ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta ce ya zube su a tsakar gida ta ga yadda santa ya koma. Ya zube su kusa da tabarmar da ta shanya gyaɗa, ya shige ɗaki ya fara tunanin yadda zai gaishe da yayansa. Da rana ta take, faifan nan suka ɗauki walƙiya. Kajin maƙwabta da tantabarun da kullum take fama da su a kan gyaɗa suka zo suka yi cirko-cirko a bakin zaure, ba wadda ta matso. Luba ta zauna tana kallonsu har la'asar.

Lokacin dawa ta fara nuna, shinkafar fadama ta yi kai, tsuntsaye sun hana manoma sakat daga Bungudu har Nahuce. Mutane sun gaji da rataya leda da gwangwani. Luba ta sayo ƙullin zare a wurina, a farashin da har yau in na tuna raina yake ɓaci, ta zura wa kowane faifai, ta aika wa yayanta Yazid guda ashirin ya rataya a gonarsa ta bakin hanya. Iska na kaɗawa, gona na walƙiya, masu wucewa suna tsayawa tambaya. Ranar kasuwar Bungudu ta sa Yazid ya baza buhu, ita tana zaune a bayansa da lulluɓi tana ba da farashi. Naira talatin. Mai son ɗari ma talatin. Wani tsoho ya sayi hamsin ya tsaya yana jira, ya ce shi ya san surukinta Ma'auni, ina gyara? Ta ce Allah ya jiƙansa, ta kira na bayansa. Kasuwa biyu aka ci buhu ya ƙare.

Ana jibi Salla ta sa Yazid ya kamo mata ɗan maraƙi da kuɗin, ta cika da na man gyaɗa. Na je ganinsa. Ƙafafu kamar sillen kara, ƙahon kuwa sai ka shafa kake jin alamarsa. Attahiru yana tsaye yana murmushin neman sulhu.

"To Luba, ga igiya, ga mai ƙaho."

"Wa ya saye shi?"

"Ai faifaina ne."

"Faifanka da ka kashe. Ni na tashe su." Ta ɗaure maraƙin a turken tsohon santa, ta kakkaɓe hannu. "Inji ba ni sai da shi, na ga akwai abinci cikinai. Amma daga yau nawa ne. Kai ka buga, ni ka yanka kuɗi. In ka ga rami a faifai, ka bar shi da raminai."

Bai koma Nahuce ba. Ya ci gaba da zama a shagon da sunansa ke rubuce a sama, har zuwa shekarun da waya ta kashe kasuwar faifai, kuma a tsawon lokacin nan maraƙin ya zama sa, san ya zama biyu. Bayan Sallar da mako guda Mannir ya shigo da aikin wata walima, ya jingina kyamara, ya ce ɗari biyu yake so, nawa za a bar masa? Attahiru ya buɗe baki, ya rufe, ya laluba aljihu ya ciro waya.

"Tsaya in kira Damba."